Mai Jarka da Mai Tirela: Laifi da Hukunci a Kan Iyakar Bagudo



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da hakimai, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya ƙara ilimi. Jami'an tsaro da nake hange a sahun gaba, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan lokaci.

An ɗora mini nauyin in yi bayani a kan abin da masana suka ce yana sa ɗan Adam aikata laifi, da kuma yadda hukuma ke tunkarar mai laifin. A jami'a ana koyar da darasin nan da misalan unguwannin Landan da na biranen Amurka. Ban ga dalilin kwasar ku zuwa can ba, tunda duk wanda ya hau babur daga nan Bagudo, ya haye Kwara ya nufi Tsamiya ko Lolo, kafin azahar zai ga yawancin abin da littattafan suka ƙunsa yana tafiya da ƙafarsa.

Mu fara da iyakar kanta. Shekaru aru-aru fatake suna ratsa wannan yanki. Daga ƙasar Hausa su haye kogi a wajen Illo ko Yawuri, su bi ta Borgu, su kai Gwanja su sayo goro. Madugu yana biyan kuɗin fito, yana biyan sarakunan hanya abin da suka yanka masa, amma babu mai kiransa ɗan fasa-ƙwauri. A 1894 Lugard na Ingila da wani hafsan Faransa mai suna Decoeur suka yi tseren isa Nikki don ƙulla yarjejeniya da sarkinta. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a birnin Paris, aka tsaga Borgu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Babu Bakyange ko Badande ko Bafillatani ko ɗaya a wurin zaman. Amma a takarda, daga wannan rana mutumin da ya ɗauki damin gero ya kai wa ƙanwarsa da ke aure a Madekali ya zama mai fitar da kaya zuwa ƙasar waje.

Wani masani Ba'amurke, Howard Becker, ya rubuta a 1963 cewa masu kafa doka su ne ke fara samar da mai laifi, domin su ke ja layi, su kuma ke zaɓar wanda za a liƙa wa sunan. A wani wuri za a ce wannan falsafa ce kawai. Mu a nan mun gani da ido. A Maris 2016 aka hana shigo da shinkafa ta kan tudu. A Janairu 2017 aka hana motoci. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sannan a Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur duk wani gidan mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ku dubi manomin rani a bakin kogi, wanda injin ban-ruwansa ba ya tashi sai da mai. Gidan man garinsu a rufe. Dole ya yi tafiya mai nisa ya ciko jarka, kuma hanyarsa ta komawa gida ita ce hanyar Benin. Jiya manomi ne, yau abin zargi ne, shi kuwa bai sauya komai a halinsa ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Kisa da fashi da garkuwa da mutane da satar shanu ba gwamnati ce ta mayar da su laifi ba. Allah ya haramta su tun kafin a haifi Lugard, kuma babu al'ummar da ta taɓa yarda da su. Abin da nake so mu riƙe shi ne laifuffukan kan iyaka ba jinsi ɗaya ba ne, kuma babban kuskuren hukumominmu shi ne zuba su a buhu ɗaya.

To me ke sa mutum ya tsallaka layin, bayan an ja shi?

Amsar da ta fi kowace sauƙi ita ce ta wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, wanda a 1876 ya ce akwai wanda aka haifa ɓarawo, kuma ana gane shi ta siffar ƙoƙon kansa da muƙamuƙinsa da kunnuwansa. A 1913 wani likitan gidan yari a Ingila, Charles Goring, ya auna dubban fursunoni ya kwatanta su da waɗanda ba su taɓa shiga kurkuku ba, bai sami wannan siffa ba. Ilimi ya binne maganar Lombroso, amma ba ta mutu a bakunanmu ba. Duk ranar da aka sace shanu a wani ƙauye, kafin a bi sawu an riga an ambaci ƙabila. Duk wanda ya ce 'yan ƙabila kaza a jininsu abin yake, almajirin Lombroso ne, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Kuma wannan zato ba ya kama ɓarawo. Abin da yake yi kawai shi ne ya sa a ƙone rugar wanda bai ji ba bai gani ba, ɗansa kuma ya tashi da ƙullin da wata rana wani mai bindiga zai zo ya saya da araha.

Sai amsar da kowa ya fi so, wato talauci. Wanda ya tsara ta da kyau shi ne Robert Merton a 1938. Shi bai ce yunwa kaɗai ba. Cewa ya yi al'umma tana nuna wa kowa abu ɗaya a matsayin cin nasara, sannan ta toshe wa mafi yawa hanyar halal ta kaiwa gare shi. Saurayi a Kaoje ko Zagga yana so ya yi aure, ga lefe, ga ɗaki, ga waya, ga babur. Ya gama sakandare, babu aiki. Gonar mahaifinsa an raba ta tsakanin 'ya'ya har ta zama kamar tabarma. A daminar 2020 ambaliya ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar Kebbi, a daidai lokacin da iyaka take rufe. Idan a wannan hali wani ya ce masa ga jarka takwas, kai su tsallake, a ba ka abin da ba ka samu a mako guda na ƙwadago, ba sai an tambayi Merton abin da zai faru ba.

Amma ina da ja a kan wannan bayani. Mafi yawan talakawan da na sani ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba, kuma cin mutunci ne a riƙa magana kamar kowane matalauci ɓarawo ne mai jiran dama. Na biyu, wanda ya fi cin ribar fasa-ƙwauri ba matalauci ba ne. Yaron da ke kan babur ba shi ya sayi man ba. Mai kwale-kwalen da ke haye kogi da buhuna cikin dare ba shi ya yi odar shinkafa daga Tailan ko Indiya ba. Mai kayan yana cikin gari, yana da tireloli da rumbuna, yana sahun farko a masallaci, in za a yi gidauniya shi ake kira ya buɗe. Edwin Sutherland ne ya tsaya gaban 'yan'uwansa masana a Amurka a 1939 ya ce musu sun shagala da ƙirga laifin talaka, sun manta da laifin masu manyan riguna, wanda ɓarnarsa ta ninka ta ɗan sane sau ba adadi.

Shi wannan Sutherland yana da wata magana da na fi gamsuwa da ita a kan samarinmu: laifi koyonsa ake yi, kamar ƙira ko jima. Hausawa sun riga shi, da suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ku kalli yadda ake ɗaure jarkoki a kan babur. Biyu a kowane gefe, sauran a jere a baya har kan kariya, an zarge su da tsohuwar robar taya, an toshe bakin kowace da leda kafin a murɗa marfi don kada ta yi tsiyaya. Direban ya matso ya zauna kusan kan tanki, gwiwoyinsa na taɓa kan babur, ya kashe fitila, ya bi burtali cikin duhu ya san inda yashi yake, ya san inda rami yake. Wannan gwaninta ce, kuma wani ne ya koya masa, yawanci yayansa ko maƙwabcinsa. Tare da ɗaurin jarka yake koyon abin da zai faɗa wa zuciyarsa. Wasu masana biyu, Sykes da Matza, sun yi rubutu a kai a 1957, sun ce mai laifi ba ya ƙin yarda da doka, hanyar lallashin kansa yake nema. Mu kuwa mun san kalmomin: wa na cuta? Kayan wa na ɗauka? Ai manya ma suna yi. Su masu kamun ba da su ake rabawa ba? Tambaya ta ƙarshen nan ita ce mai zafi, zan dawo gare ta.

Yanzu ga lissafi. Gary Becker, wanda ya sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 1992, ya ce a 1968 mai laifi ɗan kasuwa ne: yana auna riba, yana auna yiwuwar a kama shi, yana auna abin da zai rasa. Wannan bayani ba ya aiki a kan wanda ya yi kisa cikin fushi, amma a kan iyaka kamar don mu aka rubuta shi. A 2013 Najeriya ta ɗaga harajin shinkafar waje zuwa kashi 110 cikin ɗari. Nan da nan jiragen ruwa suka karkata zuwa Kwatano suna sauke turarriyar shinkafa, wadda mutanen Benin ba ita suka fi ci ba, mu ne masu cin ta. Tun 1992 wasu masanan Benin biyu, John Igué da Bio Soulé, suka kira ƙasarsu rumbun ajiya, saboda tattalin arzikinta ya jingina ga shigo da kayan da za su ƙare a kasuwannin Najeriya. Mai kuma ta ɗaya ɓangaren yake bi. A da gwamnatinmu tana biyan tallafi, man ya yi arha, sai ya kwarara zuwa Benin inda ake sayar da shi a kwalabe a bakin titi, suna kiransa kpayo. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma a nan gwamnati ce da kanta ta shanya daddawar.

Ga hujjar da ta fi ƙarfi. Shekaru da yawa ana kame, ana ƙwace, ana harbi, safarar mai ba ta tsaya ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kuɗin kpayo ya yi tsalle a Kwatano, samari da yawa suka jingine babura don ribar ta tsuke. Babu wa'azin da aka ƙara, babu jami'in da aka ƙaro. Da darajar naira ta rushe a gaban sefa, tazarar ta sake buɗewa, sai sana'ar ta farfaɗo, har a 2024 hukumar Kwastam ta kafa runduna ta musamman a kan safarar mai. Ba yabon cire tallafi nake yi ba, kowa a zauren nan ya san abin da ya yi wa tukunyarsa. Ina nuna muku ne cewa famfon wannan laifi yana Abuja, mu a nan bakin tiyo kawai muke gani.

Mu juya ga hukuma. A 1764 wani saurayi ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya fitar da ɗan ƙaramin littafi da ya girgiza Turai. Jigonsa shi ne tsananin hukunci ba shi ke hana laifi ba, tabbacinsa ne da saurinsa. Ƙaramin hukuncin da mutum ya san ba zai kuɓuce masa ba ya fi tsoratarwa a kan babban hukuncin da yake sa ran zai zille. Najeriya ta daɗe tana yin akasin haka. Bayan yaƙin basasa aka fara harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin teku a Legas. An harbe Oyenusi a 1971, an harbe Anini a 1987, fashi bai ƙare ba. Dokar soja ta 20 ta 1984 ta yanke kisa a kan safarar hodar iblis, aka harbe mutum uku a Afrilu 1985, aƙalla ɗayansu a kan laifin da ya aikata kafin a kafa dokar, amma zuwa 1989 sai da aka kafa hukuma sukutum ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi. An rufe iyaka a 1984 har zuwa 1986. An sake rufewa a 2019, aka buɗe mashigai huɗu a Disamba 2020, Kamba ma sai a Afrilu 2022. Shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba. Tsada ta ƙara, a wasu wuraren kuma ta sauya buhu ta fito da sunan 'yar gida.

Jami'anmu da ke nan, ku yi mini haƙuri, na san a cikinku akwai waɗanda suka binne abokan aiki a wannan daji, kuma na san masu gaskiya suna da yawa. Amma kukan da matafiya ke yi a kan shingaye ba ɓoyayye ba ne. Gungume a gicciye, ganga biyu, katako mai ƙusoshi ɗaure da igiya. Direba ya rage gudu, ya miƙa hannu a dunƙule, hannu ya karɓa a dunƙule, a ja katako. Gaba kaɗan a maimaita. Idan abu ya kai haka, tabbacin da Beccaria yake nema ya samu, amma na biya ne, ba na hukunci ba. Doka ta koma kuɗin fito. Mai tirela yana sa shi cikin lissafin kaya tun daga Kwatano, ya wuce salin-alin. Wanda ba shi da abin bayarwa shi ake kamawa.

Idan an kama kuma, ina ake zuwa? Jihar Kebbi tana da kotunan shari'ar Musulunci da na majistare, amma sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya keɓe sha'anin kwastam ga Babbar Kotun Tarayya, mu kuwa tamu tana Birnin Kebbi. Ku saurari sanarwar kame a rediyo. Za a faɗi yawan buhuna, yawan jarkoki, da kuɗinsu har kwabo. Sunan mai kayan fa? Da wuya a ji. A yi gwanjo, magana ta mutu. Ɗan abin da ya rage na mutane, yaran mota da 'yan dako, su ake tusa wa keyar gidan yari, inda kusan kashi biyu cikin uku na mazauna a faɗin ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a same su da laifi ba tukuna. A 2019 an sauya sunan wurin zuwa gidan gyaran hali, dokar ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ma ta yi wannan tanadi. Amfani da su ne ya yi ƙaranci. Yaron da ya shiga saboda jarka ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan fashi wata da watanni, ku tuna abin da Sutherland ya ce game da koyo.

Abin takaici, muna cikin masarautar Gwandu, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da alƙalanci. Yayansa Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙ, ya lissafa karɓe-karɓen da ba su da tushe a shari'a da toshiyar baki cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai labarin bayin Haɗib da suka sace taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Sayyidina Umar ya fara ba da umarnin yanke hannu, sai ya lura cewa ubangidansu yana barin su da yunwa. Ya ɗora tara a kan ubangidan, dirhami 800, ninkin kuɗin taguwar. Ya tsallake hannun da ya ɗauka ya kama wanda ya jawo. Ƙarni goma sha ɗaya ke nan kafin Beccaria.

Dalilin da ya sa na ja maganar nan da tsawo shi ne yau iyakarmu ba ta shinkafa da mai kaɗai ba ce. A Nuwamba 2024 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie, kuma a Janairu 2025 kotu ta ayyana su 'yan ta'adda. A tsallake, sojojin Benin suna fama da masu ɗauke da makamai a dazuzzukan arewacin ƙasar. Masu bincike sun nuna cewa a Gudu da Tangaza ta jihar Sakkwato, da farko wasu mutanen yankin ne suka karɓi Lakurawa don su kare su daga ɓarayin shanu, saboda sun kai kuka inda ya kamata ba a share musu hawaye ba. Daga baya mai gadi ya zama mai karɓar zakka da bakin bindiga. Tom Tyler ya yi bincike a Amurka ya wallafa a 1990, ya gano cewa yawancin mutane ba tsoron kamu ke sa su bin doka ba, yardarsu ce cewa masu riƙe da dokar suna yi musu adalci. Inda wannan yarda ta ƙare, mutane ba sa tawaye, shiru kawai suke yi.

Burtalin da jarka ke bi, shi bindiga ke bi. Wa ya san wanda ya wuce da tsakar dare, babura nawa ne, ina suka sha mai, wa ya sayar musu da burodi? Wannan yaron ne da aka ƙwace wa babur bara, ya ga mai kayan yana gaisawa da manya. Shi ne idon da tsaronmu ke bukata, kuma mun koya masa cewa mai kaki abokin gaba ne.

Saboda haka ina da roƙo. Ga hukumomin tarayya, duk kamen da za a sanar a sanar da sunan mai kaya, a kuma gaya mana ranar da zai tsaya gaban alƙali. A sama wa ƙananan 'yan kasuwar Lolo da Tsamiya da Illo hanya mai sauƙi ta biyan ɗan haraji a karɓi rasit, yadda mai buhu biyu ba zai ga dalilin shiga daji ba. Ga alƙalanmu, yaron da aka kama karon farko da kayan da ba makami ba, ba ƙwaya ba, a ba shi aikin al'umma a gaban hakiminsa, tsoro na daji ne, kunya kuwa ta gida. Amma mai kai wa 'yan bindiga mai da abinci da labari, wannan ba ɗan fasa-ƙwauri ba ne, abokin kisa ne, kada dangantaka ta sa a rufa masa asiri. Iyayenmu sarakuna, Allah ya taimake ku, ku kuka san kowane gida. Iyaye kuma, idan ɗanka ya shigo da kuɗin da ya fi ƙarfin sana'arsa, ka tambaye shi inda ya samo kafin ka sa albarka.